Abin da yaranmu na Legas suke faɗa game da littattafan da suke karantawa

Malamar firamare, Agege

Assalamu alaikum, iyaye da malamai. Ina koyarwa a wata firamare a Agege, kuma yawancin 'yan ajina 'ya'yan Hausawa ne da aka haifa a nan Legas. Roƙona shi ne kowa ya kawo mana abin da ɗansa ko ɗalibinsa ya faɗa da bakinsa a kan littafin da ya karanta, ba abin da mu manya muke ganin ya kamata ya so ba.

Ranar Juma'a kafin a tashi nakan karanta musu Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafin da ya fara fitowa tun 1937. Ba su damu da sarki ba, ba su damu da yaƙin ba, akun nan ne ya tafi da hankalinsu. Wata yarinya 'yar shekara 10 ta ce aku ya fi Waziri wayo, amma shi ma ai yaudarar Musa ɗan sarki yake yi, tun da kullum labari yake ja masa har gari ya waye don kada ya fita. Wani yaro ya amsa mata da cewa yaudarar da za ta hana a kashe mutum ba yaudara ba ce, suka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa. Sai dai da na miƙa wa yaron littafin na ce ya ci gaba daga inda na tsaya, sai ya riƙa bin kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya yana tsayawa, alhali kuwa Turanci yake karantawa ba gargada. A gida Hausa suke ji, a aji Turanci, ga kuma Yarbanci da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa a makarantu, saboda haka rubutun Hausa baƙo ne a idonsu. Suna son littafin ƙwarai, amma sai idan wani ne yake karanta musu.

Mahaifi, ɗan kasuwa a Mile 12

Wa alaikumus salam, Malama, Allah Ya saka da alheri. Ɗana na biyu ya karanta Chike and the River na Chinua Achebe a makaranta. Na tambaye shi abin da ya fi burge shi, ya ce yadda yaron ya rasa kuɗin jirgin fito daga Onica zuwa Asaba, ya yi ta neman dabarar da zai same su, domin shi ma ya san zafin a ce kuɗin mota ya gaza. Abin da bai gamsu da shi ba shi ne dalilin wahalar, don ya ce me ya hana yaron ya hau mota ya bi ta gada. Yaron da ya saba ƙetare gadar Third Mainland ba ya iya tunanin ruwan da babu gada a kansa. Sai da na yi masa bayani cewa ba a gama gadar Onica ba sai a 1965, littafin kuma, da ya fito a 1966, labarin kafin a gama gadar yake bayarwa, sannan ya haƙura, ko da yake ya ƙara da cewa shi da ya laɓe a bayan motar kaya tun farko.

Kaka, Idi-Araba

Malama, 'yata ce take rubuta mini wannan, ni kuwa ina faɗa. Jikokina suna zuwa da ƙananan littattafan makaranta masu labarin kunkuru, wanda maƙwabtanmu Yarbawa suke kira Ijapa, ni kuma idan aka ɗauke wuta da dare nakan yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kamar yadda aka yi mana muna yara. Babbar cikinsu ta ce ta fi son Gizo, saboda shi kunkuru na cikin littafi kullum sai an kama shi an hukunta shi, har ta kan san ƙarshen labarin tun daga shafin farko, amma Gizo wani lokaci yakan yi ɓarnarsa ya sha. Ta ce wadda take tausayi ita ce Ƙoƙi, da take zaune da miji irin wannan. Ƙaramin kuwa, abin da yake jira shi ne in maƙale murya in yi maganar Gizo da tsamin bakinsa, ya ce littafi ba ya iya yin haka. Na kuma lura, kuma wannan ya kamata masu rubutu su sani, cewa idan suka kai shafin ƙarshe inda aka jera darasin da labari ya koyar, rufe littafin suke yi, sai idan an ce za a yi jarrabawa a kai.

Malamin Islamiyya, Obalende

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma ina da ɗan ja a kan batun darasi. Ba darasin yara suke gudu ba, yadda ake ɗora shi a ƙarshe kamar haraji ne ba sa so. A wurina babu abin da ɗalibai suke roƙo a maimaita musu kamar ƙissar Annabi Yusuf, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ƙissa ce cike da darasi tun daga rijiya har zuwa fadar Masar. Wani yaro da ya taso cikin 'yan uba da yawa ya ce shi wurin da ya fi tsaya masa a rai shi ne lokacin da 'yan'uwan suka zo neman abinci ba su gane shi ba, ya ce da shi ne ba zai iya yafewa da sauri haka ba. Ban ce masa komai ba, sauran yaran ne suka yi ta ba shi amsa.

Uwa, Ketu

'Yata tana da ciwon sikila, kuma wata ƙawata ta saya mata Boom Boom na Jude Idada, littafin da ya ci gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2019, wadda kyautarta ta kai dala 100,000. Na ji tsoron ba ta, domin labarin yana magana a kan cutar da mutuwa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ta karanta, ta yi kuka, sannan ta ba yayanta ta ce lallai ya karanta don ya gane abin da take ji idan ciwon ya tashi mata a ƙashi da tsakar dare. Ta ce shi ne littafi na farko da ta ga mai irin ciwonta a ciki ba a mayar da shi abin tsoro ba. Ƙorafinta ɗaya shi ne kakarta ba za ta iya karantawa ba, tun da babu shi da Hausa a hannunmu, don haka ita ce take zama tana ba ta labarin babi bayan babi.

Ɗalibar jami'a, Yaba

Ƙanena ɗan aji ɗaya a sakandare ya taɓa tambayata me ya sa duk Bahaushen da yake gani a zanen littattafan da ake ba su, in ba mai gadi ba ne to mai shanu ne. Na je wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Ojuelegba na samo masa The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda shi kansa a Minna aka haife shi. Murfin ya yage, wani ma ya yi lissafi da biro a shafin baya, amma a zama ɗaya ya cinye shi. Ya ce ya ji daɗi da Malam ne gwarzon labarin, kuma cikin jirgin ƙasa abin ya faru, sai dai bai ji daɗin yadda ramuwar gayya ta cinye wa mutumin rayuwarsa ba.

Malamar firamare, Agege

Na gode muku gaba ɗaya. Hajiya, idan za ki amince, ina so ki zo ajinmu wata Juma'a ki yi musu Gizo da bakinki, domin ni ban iya tsamin bakin ba. Alhaji na Mile 12, tun da motocinku na tumatir da albasa suna zuwa daga Kano da Zariya, ko za a iya ba wani direba saƙo ya taho mana da Magana Jari Ce littafi na ɗaya, ko da guda 10 ne? A nan na duba shagunan da na sani ban samu ba, wanda nake karanta musu ma na mahaifina ne, kuma ɗinkinsa ya fara warwarewa. Iyayen yara sun yarda su haɗa kuɗin, sai mu ji farashi.