Shin aikatau na Esperanto ya fi na Hausa sauƙin koyo?

Malamin Hausa, Gusau: Assalamu alaikum. Har yanzu ina kan bakana cewa aikatau na Esperanto, harshen da likitan ido Zamenhof ya ƙirƙira, ya fitar da littafinsa na farko a Warsaw a 1887, ya fi namu sauƙin koyo. Ɗafa-ƙeya shida ne ginshiƙinsa: -as lokaci mai ci, -is shuɗaɗɗe, -os mai zuwa, -us sharaɗi, -u umarni, -i kuma siffarsa ta asali. Ko ni ke tafiya ko su, aikatau iras, wato ana tafiya, ba ya canzawa.

Malama, Ƙaura Namoda: Wa alaikumus salam. Malam, ai mu ma muna da wannan. A na tafi, ka tafi, sun tafi, aikatau bai motsa ba, domin wakilin suna muke ɗora wa nauyin lokaci.

Malamin Hausa, Gusau: Malama, can wahalar take. Ɗalibi zai rarrabe mun da muka, ya zo Zamfara ya tarar muna cewa munka da sunka, sannan ya iske aikatau ɗaya yana sauya baki gwargwadon abin da ya biyo shi: na saya, na sayi goro, na saye shi. Ga kuma azuzuwan aikatau bakwai da masanin Hausa Parsons ya tsara a 1960, kowanne da karin sautinsa.

Dattijo mai ritaya, Talata Mafara: Ɗana, ka yi gaskiya a kan jadawalin lokuta, amma jadawali ba shi ne harshe ba. Zamenhof bai kawar da wahala ba, wuri ya sauya mata. Ka ɗauki boli, wato ruwa ya tafasa. Ƙi-karɓau ne, wato ba ya ɗaukar karɓau, abin da aiki ke faɗa wa, don haka idan kai ne ka tafasa ruwan, sai ka ce boligi. Fini kuwa, wato gama abu, so-karɓau ne, yana ɗaukar karɓau, idan abin ne ya ƙare da kansa sai ka ce finiĝi. Babu wata alama a jikin boli ko fini da ke nuna wa mai koyo ɓangaren da kowanne yake, sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya. Hausa kuwa, duk wanda ya ji dafu ko gyaru ya san ba za su ɗauki karɓau ba, wanda ya ji sayo ya san nan za a kawo kayan. Na shafe shekaru ina koyar da wannan, kuma yana yi mini ciwo idan aka kira shi rikici.

Malamin Hausa, Gusau: Allah ya gafarta Malam, na karɓi batun boli da fini. Sai dai -ig- ɗin nan na cikin boligi yana hawa kusan kowace saiwa, alhali ba kowane aikatau na Hausa ke shiga duka azuzuwan bakwai ba, wannan ma hadda ce.

Malama, Ƙaura Namoda: To, Malam, kafin mu ci gaba ka faɗa mana mai koyon da kake nufi. Saiwoyin Esperanto akasarinsu daga harsunan Turai aka ɗebo su, saboda haka Bafaranshe ya shigo da rabin haddarsa. Yaron Shinkafi fa?