An ci zarafin fasinja a jirgin Abuja zuwa Kaduna: ina zai kai ƙara?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan aka doki fasinja ko aka fizge masa waya jirgin ƙasa na cikin tafiya tsakanin Idu da Rigasa, wane caji ofis ne ke da hurumi? Kuma yaya ake yi da wanda barci ya ƙaurace masa tun ranar?

Baba Tasha: Wa alaikumus salam Hajiya. Hanyar jirgi tana da rundunar 'yan sandanta ta musamman, kuma akwai jami'an tsaro a cikin jirgin da tashoshi. A sanar da su tun kafin a sauka. Nan ake yin sake: da jirgi ya tsaya kowa ya kama gabansa, mai laifi ya ɓace, shaidu sun watse. A karɓi lambar wayar mutum biyu da suka gani. Kada a goge tikiti, domin shi ke nuna rana da tarago da lambar kujera. A riƙe lokacin da abin ya faru da tashar da aka wuce, Kubwa ce ko Jere ko Rijana.

Wajen rubuta bayani, kada a sa hannu sai an karanta, ko an karanta wa mutum da Hausa. A rubuta sunan ɗan sandan da aka ba binciken. Idan waya ce, a rufe layi da asusun banki nan take, a kai kwalinta saboda lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar.

Sista Rabi: Asibiti ya riga caji ofis idan akwai jini ko bugu a kai. Dokar 2017 ta tilasta wa asibitoci karɓar mai raunin harbi ba sai da takardar 'yan sanda ba. A ɗauki hoton rauni ranar, a sake bayan kwana biyu, saboda taruwar jini a ƙarƙashin fata sai daga baya take fitowa sosai. Idan fyaɗe ne, kada a yi wanka ko a wanke tufafi kafin likita ya duba, kuma maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Cibiyoyin Salama na Kaduna, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, wannan ne aikinsu.

Malam Garkuwa: Maman Khalil, firgita da mugun mafarki da faɗuwar gaba idan an ji ƙarar jirgi ba baƙon abu ba ne a makonnin farko. Kada a matsa masa da "ba mu labari", kada kuma a rufe masa baki da "ai ya wuce". Ya ci abinci, ya kwanta kan lokaci, ya riƙe addu'o'insa, ya nisanci ƙwayar barci ta kemis. Idan ya haura wata guda ba sauƙi, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna. Idan kuwa ya fara zancen kashe kansa, ranar za a kai shi.

Baba Tasha: Ƙari: shigar da ƙara kyauta ne. Idan aka nemi "kuɗin takarda" ko aka ƙi saurara, a nemi ganin DPO, in ya faskara a kai kuka sashen karɓar ƙorafi na rundunar 'yan sanda.