San da ke kwanciya a cikin kunyar gona: in saya ko in hori sababbi?

Ɗan Tibiri: Salamu alaikum 'yan uwa. An yi mini tayin shanun huɗa biyu horarru a jika 600 na sefa, amma mai su ya ce ɗayan yakan kwanta in garma ta yi nauyi. Akwai kuma bijimai biyu 'yan shekara uku da ba su taɓa ɗaukar karkiya ba. Saura wata biyu ruwa ya sauka. Halin kwanciyar nan yana fita, ko in ɗauki sababbin?

Mai Garma: Sababbin. Mako uku zuwa huɗu ya isa. Makon farko igiya da tafiya kawai, na biyu karkiya ba kaya, sannan su ja gungume, daga baya garma a ƙasa mai laushi. Da sanyin safiya, awa ɗaya ko biyu, ka tsaya tun ba su gaji ba. Na dama ya zauna dama kullum, kuma kalmar tafiya da ta tsayawa kada su canza daga bakinka zuwa na yaronka.

Ɗan Gulbi: Jika 600? A Dakoro 450 za ka samu.

Alhajin Sabon Gari: Wace 450? Wannan kuɗin bara ne. Horarru masu jiki ba ka taɓa su ƙasa da 700.

Malamin Kimiyya: Ba a amsa masa ba. Ɗan Tibiri, hali ba ya goguwa, rufe shi ake yi. A Amurka, masaniyar ƙwaƙwalwa Ann Graybiel da abokan aikinta na jami'ar MIT sun sa wayoyin awo a ƙwaƙwalwar ɓeraye suna bin hanya mai siffar T don samun cakulan. Rahoton ya fito a 1999. Da farko ƙwayoyin jijiya na wani sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, sitirayatom, suna aiki tun daga farkon hanya har ƙarshe, don ɓera yana lura da kowane taki. Da abin ya zama jiki, sai aikinsu ya taru a wuri biyu, farawa da gamawa, tsakiya ta yi shiru. Wato an dunƙule tafiyar ta zama abu guda, alama ɗaya ce ke kunna ta. A 2005 suka nuna in an janye ladan wannan tsari yana dushewa, amma ana maido da shi sai ya dawo da sauri ƙwarai. Sanka alamarsa nauyi a wuya, ladansa a cire masa karkiya.

Baba na Madarunfa: Malam, ɓera ba sa ba ne. Mu da muke riƙe da garma muka san sa.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Baba, a ɓera da biri aka yi awon. Amma wannan sashe duk dabba mai shayarwa tana da shi, har mu. Kuma abin da Mai Garma ya faɗa na kada a canza kalma ya yi daidai da abin da awon ya nuna.

Likitan Dabbobi: Kafin a ce hali ne a duba ciwo. Ɗaga karkiya ka shafa gaban tozo, ko akwai miki ko kumburi. Buɗe fatar ido, in ta yi fari fat akwai ƙarancin jini, a nemi tsutsar ciki ko sammore. Duba kofato. San da ya fito daga rani a rame zai kwanta ko da ba shi da hali, sai an ƙara masa harawa da dusa makonni kafin aiki. Sau da yawa daga ciwo abin ke farawa, ciwon ya warke, kwanciyar ta zauna. In haka ne, a rage zurfin garma, a gajarta kunya, a sauke karkiya yana tsaye, kada a taɓa sauke ta yana kwance. Dusa kuma a ba shi nan take, ba sai an koma gida ba. Masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya nuna a birai cewa dofamin, wani sinadari na cikin ƙwaƙwalwa, da farko yana tashi lokacin da lada ya zo, bayan koyo sai ya koma tashi tun daga alamar da ke gabansa. In tazara ta yi tsawo dabba ba ta haɗa su.

Ɗan Gulbi: To Likita a sa wa yaran gidanmu wayoyin nan, ana cewa gona sai su kwanta 😂

Na Gidan Rumji: Ku bar dariya. Wani dattijo a ƙauyenmu ya sayar da awakinsa duka ya sayi irin wannan san. Dillali ya rantse masa lafiyayye ne, aka gwada shi da amalanke babu kaya ya tafi sumul. Ruwan farko aka sa garma, kunya uku ya zube. Yara suka yi ta dukansa, har da barkono a hanci. Daga nan ko karkiyar ya hango sai ya fizge igiya. Shuka ta wuce, ya ci bashi ya yi hayar shanu, ya sayar da san ga mahauta da faɗuwa. Dillalin har gobe yana kasuwa.

Likitan Dabbobi: Dukan ne ya ƙarasa shi. Tsoro yana da saurin kamawa ƙwarai, wani lokaci sau ɗaya ya isa.

Ɗan Tibiri: To in na gwada shi da garma kafin in biya fa?

Mai Garma: A gonarka, ba a tasu ba, kuma a ƙasa mai nauyi, fiye da awa guda. Sabon wuri yakan ɓoye hali kwana kaɗan, saboda haka ka nemi sharaɗin mayarwa gaban shaidu.

Alhajin Sabon Gari: Wane dillali zai yarda da sharaɗi? La'ada suke karɓa hannu biyu, wajen mai saye da mai sayarwa, in aibi ya fito su ce ba su gani ba.

Na Gidan Rumji: Kuma sarkin kasuwa ba ya cewa komai. Ya kamata a riƙa rubuta sunan mai dabba da na dillali a takarda.

Baba na Madarunfa: Takardar da ake biya kuɗinta a bakin kara, wa ya taɓa ganin an buɗe ta?