Wa zai ba ni Hausar «chirurgie programmée» kafin ƙarfe 6?

'Yar rediyo, Garwa: Salamu alaikum. Shirin lafiya nake da shi da yamma. Labarin Ingila ne, ta Faransanci ya iso mini: tun 2004 asibitocin kudu maso yammacin Landan suka tattara aikin sauya ƙugu da gwiwa wuri ɗaya a Epsom, don kada masu haɗari su riƙa ture waɗanda aka riga aka tsayar wa lokaci. Da aka ji ta bakin mutanen arewa maso yammacin birnin a 2022 kan yin irinsa, wasu sun yi kukan nisa. «Orthopédique» ba ta dame ni ba, ƙashi ne. «Programmée» ce ta maƙale.

Nas, Marwa: Tiyatar ƙashi wadda ba ta gaggawa ba.

'Yar rediyo: Yaya, sau tara zan faɗe ta. Numfashi zai ƙare.

Ɗan Kusiri: Tiyatar ganin dama?

Nas: Haba! Kakata shekara biyu tana sallah a zaune saboda gwiwa, ganin dama ne? Layi ne kawai.

Baba Malam: Ku dakata. Tiyata ba Hausa ba ce, aron Ingilishi ce. Fiɗa muka gada. Fiɗar ƙashi ta sa rana.

Ɗan Kusiri: Baba, a yi haƙuri, amma in tsohuwa ta ji fiɗa ragon layya za ta tuna, ta koma gun maɗori.

Baba Malam: Ɗana, ku da ke cewa «operasiyon» a kasuwa za ku gyara mini Hausa?

Nas: Kanawa ma tiyata suke cewa a Asibitin Ƙashi na Dala.

Baba Malam: Kano ce ta haifi Hausa? Kome sai mun leƙa Najeriya.

'Yar rediyo: Jama'a, biyar saura. Baba, «sa rana» ɗinka ta shige ni, kowa ya san ta daga biki: an tsayar, dangi sun shirya, an tara kuɗin mota. Kuma kukan nisan, mu ma nan muna da shi, wa zai bi mara lafiya jinya daga Gidar zuwa Garwa? Zan ce tiyatar ƙashi ta sa rana.

Ɗan Kusiri: Za a zaci ƙashi ake aurarwa.

Baba Malam: Rabin kalmata kika ɗauka, 'yata. To. Amma ni fiɗa zan ci gaba da cewa.