Ganina ya ragu, an daina kula da Windows 10: in koma Mac ne, ko Linux, ko in tsaya inda nake?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani, don wanda zai amsa mini ya san halin da nake ciki.

Ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Zariya, kuma ni ke haɗa sakamakon jarrabawar dukan azuzuwa a Excel ƙarshen kowane zango. Shekara shida ke nan da likita ya tabbatar mini ina da hawan jinin ido, wanda suke kira gilokoma. Idon hagu ya tafi, haske da duhu kawai yake bambancewa. Na dama yana aiki, amma kamar mai leƙe ta cikin bututu: tsakiya tana nan, gefe ya rufe. Maganin ɗigawa kuwa ba na wasa da shi, safe da dare.

Kwamfutata HP ce ta hannu, tun 2018 nake tare da ita. Da na kunna sai in danna maɓallin Windows da alamar tarawa, Magnifier, abin ƙara girman allo, ya buɗe, in kai shi kashi 300. Sai Ctrl da Alt da I, fari ya koma baƙi, domin farin shafi kashe mini ido yake, minti goma sai hawaye. Kibiyar linzamin na mai da ita ƙatuwa, ruwan ɗorawa. Yatsuna sun san waɗannan kamar yadda ƙafata ta san hanyar masallaci da asuba.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro. Mai gyara ya duba ya ce tawa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, injinta zubi na huɗu ne, ita kuwa sabuwar sai daga zubi na takwas, kuma tana neman wani abu TPM 2.0. Bayanan 'ya'yan mutane ne a cikinta, ba na son wata rana a wayi gari sun salwanta. Ƙanena da ke Abuja ya ce zai ba ni MacBook Air ɗinsa ta 2020 kyauta. Ɗana kuma ya nace a sa mini Linux a tsohuwar, wai ko sisi ba zan kashe ba.

Da Sallah ƙanen nawa ya ajiye mini Mac ɗin a gabana. Na daɗe ina lalube da yatsa ban ga kibiya ba. Na danna abin da na saba dannawa, shiru. Yara na tsaye a kaina suna jira, sai na rufe ta na ce sai an jima. Ba laifin na'urar ba ne, ni ne ban san ƙofarta ba, amma daren nan ban yi barcin kirki ba. Aikin nan shi ne abincin gidana. Wanda ya taɓa irin wannan ƙaura da raunin gani, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Maman Ummi:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare maka abin da ya rage.

Ni zabiya ce, da raunin ganin aka haife ni, kuma shekara huɗu ke nan da na bar Windows na koma Mac. Kibiyar da ta ɓace maka, da ka kaɗa yatsa da sauri a kan faifan taɓawar nan da ta kumbura ta yi girma har ka gan ta. A saitin Accessibility kuma kana iya ƙara mata girma ta zauna haka, ka canja mata launi. Ƙara girman allo sai an fara kunna shi a wurin Zoom, daga nan Option da Command da 8 ke buɗewa da rufewa. Ni na fi son in riƙe Control in ja yatsa biyu sama, allon ya taho a hankali, ba tsalle. Rubutun kuma ko ya girma yana fita sumul.

Abin da ya riƙe ni a Mac shi ne Hover Text. Ka bar allon yadda yake, ka ɗora kibiya a kan kalma ka riƙe Command, sai kalmar ta fito da manyan baƙaƙe a wani akwati. Ga batiri, wanda a garuruwanmu ba ƙaramin abu ba ne: irin ta ƙanenka ina wuni da ita ba wuta.

Amma ba zan ɓoye maka ba, watan farko na sha wuya. Duk inda hannu ya saba da Ctrl, Command ne a can, kuma Excel ɗin Mac ba komai ne ke zaune inda ka san shi ba. Allonta inci 13 ne, ramukanta biyu ne irin na USB-C, ko filashi za ka sa sai da mahaɗi. Sannan idona da naka ba ɗaya ba ne. Ni ina ganin faɗin allon duka, ƙananan abubuwa ne ke gagara ta. Kai kuwa ka ce gefe ne ya rufe. Ka jira masu irin lalurarka su yi magana kafin ka yanke.

Abu Hafsat:

Malam, sannu da ƙoƙari. Da kunne na karanta saƙonka, domin ni yanzu kwamfuta ce ke karanta mini komai. Ciwonka ne ya kai ni nan, sai dai ni na yi sakaci da magani shekarun farko, kai kuwa ka riƙe shi. Ci gaba da riƙewa, kuma kada ka tsallake ranar awon ido. Abin da gilokoma ta ci ba ya dawowa, amma ana tare ta, mutane da yawa sun tsufa da sauran ganinsu.

Maganar farko: kashi 300 ɗin nan, ka sake duba shi. Mai ganin bututu idan ya ƙara girma, abin da ke shiga bututun raguwa yake. Ni na yi ta ƙarawa har na kai 600, harafi uku ke cika mini ido, in karanta sunan mutum in manta farkonsa kafin in kai ƙarshe. Na ɗauka idon ne ke ƙara lalacewa, ashe rabin wahalar ni na jawo wa kaina. Irinmu abin da muka fi buƙata shi ne baƙi ya yi baƙi, fari ya yi fari, mu kuma san inda kibiya take. Gwada saukowa 150 ko 200. A Windows akwai alamar da ke liƙe wa sandar rubutu launi sama da ƙasa, Text cursor indicator, kunna ta. Kuma kada wani ya sa ka sayi ƙaton allo don tausayi, sai ka zauna gabansa ka gwada, don wani sa'in yawo kawai zai ƙara wa wuyanka.

Magana ta biyu ita ce wadda na so a ce wani ya gaya mini tun ina gani. Ka fara koyon manhajar karanta allo yanzu. Na ƙi ta shekara uku, ina ganin ranar da na kunna murya na amsa sunan makaho ke nan. Da na zo koyo dole, ba idon da zan duba in gane abin da muryar ke nufi, abin da zai ɗauke ni wata ɗaya ya ci mini kusan shekara. Kai yanzu kana da ido da kunne tare, kowanne zai koya wa ɗan'uwansa. Ko ganinka bai ƙara raguwa ba, kuma ina roƙon Allah kada ya ragu, kunne zai ɗauke wa idon rabin kaya.

Wadda nake amfani da ita NVDA ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta, an fara a 2006, kuma kyauta ce. Tana zama a filashi, ka je kowace kwamfutar makaranta ka soka ka yi aikinka. Tana aiki tare da Magnifier, ba sai ka bar ɗaya ba, kuma duk abin da ka ɗora wa kibiya za ta faɗa maka. Idan ta cika ka da surutu, Ctrl kawai za ka taɓa ta yi shiru.

Ga abin da ya shafi aikinka kai tsaye. A Excel, ka tsaya a layin da ka rubuta sunayen darussa ka danna maɓallin NVDA (wato Insert, ko Caps Lock idan ka saita shi haka) da Shift da C. Ka tsaya a jerin sunayen ɗalibai ka danna NVDA da Shift da R. Daga nan duk gidan da ka shiga za ta gaya maka na wane yaro ne, wane darasi ne, maki nawa. Ba sauran komawa sama ko gefe don ka tabbatar ba ka zuba wa Musa makin Isa ba.

NVDA a Windows kaɗai take aiki. Haka JAWS mai karanta allo, haka ZoomText mai ƙara girma, waɗanda na kuɗi ne masu tsada. Mac tana da tata, VoiceOver, tun 2005 take ciki, Command da F5 ke tashe ta, kuma akwai makafin da ba sa haɗa ta da komai. Sai dai tsarinta daban ne, kuma a nan Arewa idan ka maƙale da dare, mutum goma za ka samu a waya da suka san NVDA ko JAWS kafin ka samu ɗaya da ya san VoiceOver ta kwamfuta. Ra'ayina, kada ka haɗa wa kanka koyo biyu a lokaci guda, sabon gida da sabuwar murya. Ka nemi ta hannu mai ɗaukar Windows 11, maɓallan Magnifier ɗinka duk suna nan yadda ka bar su.

Ɗan Poli:

Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Linux ne, Ubuntu nake amfani da ita, amma ba zan ce ku koma ba. Tana da abin ƙara girma, Super (wato maɓallin Windows) da Alt da 8, tana da mai karanta allo Orca, Super da Alt da S. Matsalar, babu Excel irin wanda kuka sani, sai LibreOffice Calc, kuma takardar da aka cika da lissafi da ado wani lokaci takan sauya fasali idan ta je ta dawo. Idan kuna son gani da idonku, ɗanku ya sa ta a filashi ku tashi kwamfutar daga nan, ba abin da zai taɓa na cikinta.

Kuma ba a makara ba. A 2025 Microsoft ta buɗe wani tsari, ESU, na ƙarin gyaran tsaro ga Windows 10, ta ce a lokacin zai kai Oktoban 2026. A duba a Windows Update ko yana nan. Kafin komai dai a kwafe sakamakon yaran nan a wuri biyu yau ɗin nan.

Malamin Lissafi:

Na dawo bayan mako biyu. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ɗan Poli, an kwafe a daren da ka faɗa, Allah ya yi maka albarka.

Hajiya, na je Abuja na kaɗa yatsa kamar yadda kika ce, kibiyar ta fito, har na yi dariya ni kaɗai. Hover Text ɗin nan ya burge ni ƙwarai. Amma na zauna da takardar sakamakon SS2 awa guda a kanta, na ga hannuna na ta zuwa inda ba kowa. Na gaya wa ƙanena ya riƙe abarsa, idan ya tashi taimako ya cika mini kuɗin ta hannu zubi na takwas. Ya amince, bai ji haushi ba.

Abu Hafsat, maganarka ta tsaya mini a rai kwana biyu kafin in iya sa NVDA. Ranar da na sa, na rufe ƙofa don kada yara su ji. Na sauko da girman zuwa 200, ga mamakina sunan yaro da makinsa suka shigo ido tare. Jiya na shigar da makin aji guda, yara 43, ina duba takarda da ido, kunne na tabbatar mini da abin da na buga. Na saba in tashi daga wannan aiki da ciwon kai har ƙeya. Jiya da na gama har na iya karanta wa ƙaramar 'yata aikin gida.

Saura abu ɗaya. Muryar Turanci ce, tana dagula sunayen yaranmu. Ɗanladi da Ƙasimu da Ɓaidu ba na gane su sam idan ta faɗa. Akwai dabara?

Abu Hafsat:

Alhamdu lillahi, Malam, na ji daɗin wannan labari. Dabara biyu nake yi. Danna NVDA da N, ka shiga saitin murya, ka zaɓi eSpeak NG, a jerin harsuna ka ɗauki Swahili. Ba Hausa ba ce, muryar kuma ƙarfe-ƙarfe take, amma tana furta a, e, i, o, u yadda muke furtawa, sunaye da yawa za su fito. Lambobi ne za ta faɗa da Swahili, don haka ranar shigar da maki ka koma ta Turanci.

Ga masu lanƙwasa kuma, a cikin Preferences akwai Speech dictionaries. Nan za ka rubuta sunan yadda yake, a ƙasa ka rubuta yadda kake so ta faɗe shi, misali Ɗanladi ka ba ta Dan la di. Ka fara da aji ɗaya, ka sa ɗanka ya riƙa karanto maka rajista kana shigarwa. Wanda ya gagara ka kawo shi nan mu gwada tare.