Hawan jinin ciki ya kwantar da ni a asibiti, ya zan yi da fargaba?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Ina neman shawarar wadda ta taɓa shiga irin halin da nake ciki.

Cikina mako 31. A wajen awo aka ga jinina ya haura 140/90, aka sami furotin a fitsarina, nan take aka ba ni gado. Ƙafafuna sun kumbura har silifas ba ya shiga, zobe ma sai da sabulu ya fita. Likita ya ce haihuwa ce kaɗai ke kawo ƙarshen ciwon, amma suna so su ja lokaci zuwa mako 34 in hali ya yi. An yi min allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari, ina kuma shan maganin hawan jini.

Damuwata fargaba ce. Da na hango nas ta ɗauko na'urar gwaji sai gabana ya faɗi, jinin ya ƙara hawa. Barci kuwa babu, ga gwajin tsakar dare, ga tunanin yaran da na baro. An ce in kai ya sara min ko idona ya yi dishi-dishi in yi magana da sauri don gudun jijjiga, shi ke nan duk motsin jikina sai na tsorata.

Dangi kuma suna cewa in koma gida tunda ina tafiya da ƙafata. Ni dai ba zan sa hannu in fita ba.

Don Allah, ya kuka samu barci? Da wane lafazi kuka fahimtar da dangi ba tare da ɓacin rai ba?