Neman kalma: yaya za mu ce "moteur noyé" da Hausa? Gobe da safe zan miƙa takardar

Na Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. An kawo wa kawuna wani tsohon Yamaha WaveRunner gareji, irin abin nan da ake hawa kamar moto amma a kan ruwa. Mai shi yana son ya kai shi tafkin Madarunfa ranar Juma'a, injin kuwa ya ƙi tashi. Takardar gyaran da Faransanci take, kawu bai yi lakwal ba amma yana karanta Hausa, shi ne ya ce in juya masa shafin matsalolin tashi kafin gobe. Batir da buji da karburato na bar su yadda ake faɗi a gareji. Wuri biyu na maƙale: sunan abin kansa, da kuma "moteur noyé".

Hajiya Ta Rediyo: Wa alaikumus salam. Na farkon ai babu wahala, moton ruwa. Na biyun, injin ya sha mai.

Bakano: Babur ɗin ruwa dai, Hajiya. Haka kowa zai gane.

Mai Gareji: Hajiya, "ya sha mai" ba ta yi. In ka ce ma mutum motarshi tana shan mai, abin da zai ji shi ne tana cinye mishi aljihu. Wanga daban ne. Mai ne ya yi yawa cikin silinda har ya jiƙa buji, wuta ba ta kamawa. Ka kwance buji ka gan shi jiƙe sharkaf, yana warin mai.

Na Bagalam: To Baba, "ya nutse" fa? Ita ce fassarar kai tsaye.

Mai Gareji: Ɗana, abin da ake hawa bisa tafki za ka ce ma ya nutse? Kawunka sai ya aika a nemo masunta.

Malam Mai Alli: Kafin a kai ga noyé, ina da magana a kan abin da yaron nan ya ce ya "bar su yadda ake faɗi". Wa ya ba ka izinin bari? Buji kalmar Faransanci ce, ma'anarta kyandir. Wane kyandir ne cikin inji? Hausa tana da kalmar abin da ke fitar da tartsatsi tun kafin ashana ta zo ƙasar nan: ƙyastu. Ƙarfe da dutse, ka ƙyasta, wuta ta tashi. Aikin buji ke nan babu ragi babu ƙari. Ka rubuta ƙyastun inji. Abin hawan kuma ba moto ba ne ba babur ba ne, ingarman ruwa ne, tunda sukuwa ake yi da shi.

Hajiya Ta Rediyo: Malam, ƙyastu ta yi daɗi a kunne, ban musa ba. Amma a aiki yaro kasuwa ya ce a ba shi ƙyastu biyu na Yamaha, mu ga abin da zai komo da shi.

Malam Mai Alli: Haka aka ce lokacin da aka fara cewa jirgin sama. Wani ne ya fara. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci harshen aiki ne kawai. In yanzu ma ba mu tsaya mun raɗa wa abubuwa suna ba, sai yaushe?

Bakano: Wannan rigimar ai taku ce. Mu fulogi muke cewa, da kabireta, da babur, kuma haka za ka gani a rubuce. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, sai a bi abin da aka riga aka tsayar.

Ɗan Tibiri: Fulogi Hausa ce? Kun ara wajen Ingilishi, mun ara wajen Faransa, mi ya sa naku aron ya zama daidai namu ya zama kure? Kuma ka san da wa kake magana. Sarautar Katsina ta asali nan Maraɗi ta komo bayan jihadi, ta Gobir tana Tibiri. Ba Bakano ne zai koya muna Hausa ba.

Bakano: Allah ya ba ka haƙuri, ɗan sarki. Ni dai na san littattafan da kuke karantawa daga ina ake kawo su.

Ɗan Tibiri: Kwali da tawada ne kuka fi mu, ba baki ba.

Na Bagalam: Don Allah yayyena, takardar nan mutum ɗaya zai karanta ta, kuma a Maraɗi yake. Mu koma kan noyé.

Malam Mai Alli: Ba a barin kaza cikin gashinta don ana sauri. Ka sa ƙyastu, kawunka zai saba.

Mai Gareji: Malam, da girmanka, ni shekaruna cikin baƙin mai suka ƙare, ban taɓa jin wanda ya ce ƙyastu ba sai yau. Bari in tambayi yaron abin da ya fi suna amfani. Ɗana, in an danna demarer, maɓallin tada inji, mi yake yi? Shiru, ko ƙas ƙas, ko yana juyawa bai kamawa? Kuma igiyar nan da ake ɗaura ma hannu tana maƙale wurinta? Don abin ga an yi shi ne in mahayi ya faɗa ruwa igiyar ta fizge, inji ya mutu. In ba ta nan, ko ku kwana kuna dannawa ba shi tashi.

Na Bagalam: Igiyar tana nan, Baba. Batir sabo ne, kawu ya auna ya samu volt 12.6. In an danna sai ya ɗan motsa ya tsaya cak, kamar an riƙe shi. Jiya yaran gareji sun haɗa masa tiyo don su gwada shi a tudu.

Mai Gareji: Tsaya nan. Sun buɗe ruwan kafin su tada inji ko bayan?

Na Bagalam: Na tambaya. Kafin. Wai sun bar shi yana zuba suna neman makulli.

Mai Gareji: To ga ciwon. Kar wanda ya sake taɓa demarer. Injin ga ba shi da radiyato irin na mota, ruwan tafki yake ja ya huce da shi, ruwan ya fita ta hanyar hayaƙi. In inji na aiki, hayaƙi ke tura ruwan waje. In a kashe yake kuka sakar mishi tiyo, ruwa ya cika bututun hayaƙi ya komo baya ya shiga silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa fistin ya hau ya tsaya. Ku ci gaba da tilasta shi, ƙarfen da ke riƙe da fistin ya lanƙwashe, aiki ya koma na buɗe inji. Ƙa'idar ita ce a tada inji sannan a buɗe ruwa, a rufe ruwa sannan a kashe inji. Yanzu ku ɗaga kujera iska ta shiga warin mai ya fita, ku kwance buji duka, ku haɗa wayoyinsu da jikin inji don kar tartsatsi ya tashi, sannan ku juya. Za ku ga ruwa na feshi ta ramukan, ku kau da fuska. Ya daina, ku zuba ɗan man inji ta ramin, ku sa busassun buji, ku yi ƙoƙari ya tashi yau ɗin nan. Tsofaffin ga masu haɗa fetur da man inji, ruwa na sauka har ƙasa inda boris suke, kwana kaɗan tsatsa ta ci su.

Hajiya Ta Rediyo: Ashe noyé ɗin biyu ne, na mai da na ruwa. Ke nan kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Ga shawara: ƙwarewa. Mutum in abin sha ya bi masa ta hanyar iska, cewa muke ya ƙware. "Inji ya ƙware da mai", "inji ya ƙware da ruwa".

Bakano: Injin da ya ƙware ai shi ake nema, Hajiya. Kawu zai ɗauka yabo ne.

Hajiya Ta Rediyo: A rubuce ne suke kama, a baki ba wanda ke haɗa su.

Na Bagalam: Matsalar ita ce a rubucen zai gan ta, Hajiya.

Ɗan Tibiri: "Ya shaƙe da mai" fa? Ba ta da fuska biyu. Na ruwan kuma a faɗe shi yadda yake, ruwa ya shiga inji.

Mai Gareji: Wannan ta yi. Maganin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya shaƙe da mai, ka busar da buji, ka bar cok, ka buɗe totur duka ka juya, sai ya kama. Wanda ruwa ya shiga, in ka yi mishi haka ka kashe shi.

Malam Mai Alli: Shaƙe Hausa ce, ba ni da ja. Amma "ruwa ya shiga inji" bayani ne, ba suna ba ne. Kun gudu daga aikin. Kamfanin Kawasaki da ya fito da nasa a 1973 suna ya raɗa masa, Jet Ski, ga shi duniya duka ta ɗauka har tana kiran na Yamaha da shi. Su ba su ce a bari yadda ake faɗi a gareji ba.

Bakano: Malam ya kawo hujja da sunan Turanci, a rubuta ranar.

Na Bagalam: Na gode duka. Ga abin da na rubuta: moton ruwa, inji ya shaƙe da mai, ruwa ya shiga inji, na ja layi a ƙarƙashinsa na ƙara ƙa'idar tiyo da Baba ya faɗa. Buji na bar shi buji. Na kira kawu, sun kwance, ruwa ya fito ta ramin baya. Bai tashi ba tukuna, yana tari yana mutuwa, kawu ya ce man da ke cikin tankin ma ya daɗe, za su zubar su wanke karburato.

Malam Mai Alli: Ko a gefen shafi ka sa ƙyastu da ƙananan baƙaƙe.

Na Bagalam: Na sa sau ɗaya, Malam, a shafin farko.

Malam Mai Alli: Ingarman fa?

Hajiya Ta Rediyo: Malam, a bar shi ya tashi tukuna.